Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ƙungiyar Injiniyoyi Masu Ba da Shawara ta Nijeriya Kan Horon Ɗaliban Kimiyyar Muhalli

Zuwa ga Shugaba da 'yan majalisar zartarwa da ɗaukacin mambobin ƙungiyar ACEN,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina rubuto muku wannan wasiƙa ne a matsayina na malamin jami'a wanda ɗaya daga cikin ayyukansa shi ne bin ɗalibai zuwa wuraren da aka tura su horon sanin makamar aiki, wato shirin da kowa ya fi sani da SIWES. Ɗaliban da nake magana a kansu su ne masu karatun kimiyyar muhalli da dangoginta, kamar nazarin ƙasa da ruwa da tsirrai da sinadarai, waɗanda jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo da ta Maiduguri da ta Tarayya da ke Dutse suke yayewa kowace shekara. Buƙatata ita ce kamfanoninku su riƙa karɓar waɗannan ɗalibai bisa tsari sananne, kuma idan sun shigo a riƙa fita da su inda ake ɗibar ruwa da ƙasa, ake auna iska, ake zama da mutanen gari, maimakon a ajiye su wata shida a ofis suna gadin na'urar kwafin takardu.

Kun fi ni sanin asalin shirin. An kafa Asusun Horar da Ma'aikata na ITF a shekarar 1971, hedikwatarsa tana Jos, kuma shi ne ya ƙirƙiro SIWES a 1973 saboda kukan da masu masana'antu suke yi a lokacin cewa waɗanda suka gama manyan makarantu suna zuwa musu da takardar shaida amma hannunsu bai taɓa kayan aiki ba. Kamfanonin da doka ta hau kansu suna biyan wannan asusu kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansu a shekara, kuma takardar shaidar biyan tana cikin abubuwan da ake nema a wurin mai neman kwangilar Gwamnatin Tarayya. Gyaran da aka yi wa dokar asusun a 2011 ya ɗora wa masu biya nauyin karɓar ɗalibai domin horo. Saboda haka abin da nake roƙo yana da tushe a doka, sai dai doka ba ta iya tilasta wa babban injiniya ya tsaya ya nuna wa yaro yadda ake riƙe kwalbar samfur, kuma nan ne maganar take.

Abin da ke faruwa a yanzu abin takaici ne. Ɗalibi yana karɓar wasiƙa daga sashen SIWES na jami'arsa, ya shiga gari yana bin ofisoshi, mai gadi ya karɓi wasiƙar ya ce a dawo mako mai zuwa, har makonni su shuɗe. Wanda yake da kawu ko ubangida a wani kamfani ya samu wuri, wanda ba shi da kowa ya ƙare a wata sakatariya inda babu ko ma'aunin zafi, ana aikensa sayo abinci. Idan na je dubawa, nakan buɗe littafin da ɗalibi yake rubuta aikin kowace rana, in tarar shafi bayan shafi jimla ɗaya ce ake maimaitawa, cewa ya lura da yadda ake gudanar da ayyukan ofis, ga hatimi da sa hannun mai kula da shi a ƙarshen kowane mako, wani lokacin ma da alƙalami ɗaya a rana ɗaya aka sa hannun gaba ɗaya. Wurin da aka ware domin zanen kayan aikin da ya yi amfani da su kuwa fari fat yake, ko kuma an kwafo hoton wata na'ura daga intanet wadda ɗalibin bai taɓa ganinta ba. Wannan ɗalibi zai dawo ya tsaya gabanmu ya kare rahotonsa, mu ba shi maki, bayan shekara ɗaya ya fito da digiri.

Dalilin da ya sa na nufo ku da maganar, ban nufi wata ƙungiya ba, shi ne aikin yana hannunku. Bayan da aka jibge fiye da tan dubu uku na shara mai guba daga Italiya a garin Koko, wanda yanzu yake Jihar Delta, a 1988, gwamnati ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA a wannan shekarar, sannan ta fitar da doka mai lamba 86 ta 1992 wadda ta wajabta tantance tasirin manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. Daga baya aka kafa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya a 1999 da hukumar NESREA mai tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli a 2007. Tun bayan dokar 1992, babbar hanya ko madatsar ruwa ko bututun gas ko layin dogo ba sa samun izini sai da rahoton tantancewa, kuma kamfanoni masu ba da shawara ne suke rubuta shi, su ne kuma suke bin aikin daga baya su ga ko ɗan kwangila yana kiyaye sharuɗɗan da aka gindaya masa. A 'yan shekarun nan Arewa ta ga manyan ayyuka irin waɗannan: bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614 wanda aka ƙaddamar a 2020, layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a Jamhuriyar Nijar wanda aka aza harsashinsa a 2021, da shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace na ACReSAL, na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya wanda ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja. Kowane ɗaya daga cikinsu ya ratsa gonaki da fadamu da burtalai da rijiyoyin mutane, kuma kowane ɗaya makaranta ce da babu jami'ar da za ta iya gina irinta a harabarta.

Bari in tsaya a kan ɗibar samfurin ruwa, domin a nan ne ake gane wanda ya koyi aiki. A aji muna gaya wa ɗalibi cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade dalma a ruwan sha kada ta wuce miligiram 0.01 a lita, sinadarin kuromiyam kada ya wuce 0.05, kuma yana haddace wannan ya ci jarrabawa. Abin da ba ya samu a aji shi ne tsayuwa a bakin rafi da sassafe, inda ƙwararre zai nuna masa cewa zafin ruwa da tsaminsa da yawan iskar da ke narke a cikinsa a nan take ake auna su, domin kafin a kai gari sun canza. Zai ga ana ɗauraye kwalba da ruwan wurin kafin a cika ta, ana fuskantar inda ruwan yake gangarowa don kada laka da ƙafa ta tayar ta shiga ciki. Zai ga kwalbar da za a nemi ƙarafa a cikinta ana ɗiga mata asid, wadda za a nemi ƙwayoyin cuta a cikinta kuma dole ta zama tsarkakakkiya, a kai ta ɗakin gwaji cikin sa'o'i kaɗan. Zai ga ana rubuta lamba da lokaci da wuri a jikin kowace kwalba tun hannu bai bushe ba, ana jera su cikin kula mai ƙanƙara, ana cike takardar da ke nuna hannun da samfurin ya bi daga bakin rafi har teburin gwaji. A zafin watan Afrilu ƙanƙarar nan tana narkewa kafin azahar, kuma wanda bai yi tanadin inda zai ƙara wata a hanya ba zai kai ɗakin gwaji ruwan da ba shi da amfani, na'ura kuwa za ta fitar masa da lambobi masu kyan gani duk da haka. Ɗalibin da ya ga an zubar da aikin yini guda saboda wannan, aka koma washegari aka sake ɗiba, ya koyi wani abu game da amana wanda lacca goma ba za ta koya masa ba.

Akwai kuma maganar lokaci, wadda nake ganin ita ce ta fi sauƙin gyarawa idan an zauna. Ga manyan ayyuka, Ma'aikatar Muhalli tana buƙatar a tattara bayanan wuri a damina da kuma rani, kuma duk wanda ya san ƙasar nan ya san hikimar hakan. Rijiyar da ake ɗiba da gajeren igiya a watan Satumba takan ƙafe a watan Afrilu, ƙurar da za a auna a iska lokacin hunturu ba ta da alaƙa da ta watan Agusta, kuma kwarin da mai zanen hanya ya gani busasshe a watan Fabrairu har ya ba shi ƙaramin kwalbati shi ne wanda zai cinye hanyar idan ruwa ya sauka. Ɗalibin jami'a yana da wata shida na horo. Idan an tsara watannin nan su haɗa ƙarshen rani da farkon damina, ko ƙarshen damina da shigowar hunturu, ɗalibi ɗaya zai tsaya a wuri ɗaya sau biyu ya ga bambancin da idonsa, gani kuwa ya kori ji. Na san kalandar jami'o'inmu ba ta zama wuri ɗaya, yajin aikin wata takwas na 2022 kaɗai ya rikita ta na shekaru, amma da kamfanoninku za su riƙa sanar da mu watannin da suke sa ran fita, da mun san yadda za mu rarraba ɗalibai.

Dole in faɗi wata magana da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Na taɓa karanta rahoton wani aiki da za a yi a yankin da ƙaya da aduwa da magarya suka fi yawa, sai na tarar an jera sunayen itatuwan da sai a kurmi suke fitowa, kuma a wani shafi an manta ba a goge sunan garin da aka kwafo rahoton daga gare shi ba. Ba na cewa haka mambobinku suke aiki, na san da yawa daga cikinsu suna kashe kuɗi da lokaci su yi abin da ya dace, kuma su ne masu kwafe suke karya wa farashi. Damuwata ita ce irin wannan aikin kwafe shi ne wanda ake yawan miƙa wa ɗalibi, tunda ya iya kwamfuta kuma ba a biyansa. A ba shi tsohon rahoto a ce ya canza suna da kwanan wata, sai ya fita da fahimtar cewa tantance tasirin muhalli takarda ce da ake haɗawa domin a samu hatimi. Bayan shekara goma wannan ɗalibin ne zai zauna a ma'aikata yana duba rahotannin wasu. Ina roƙon ƙungiyarku ta ɗauki sa ɗalibi irin wannan aiki a matsayin laifin da ya saɓa wa ƙa'idar sana'a.

Illar rashin masu wannan ilimi a kusa da jama'a mun riga mun gan ta. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda ana kawo duwatsun zinariya cikin gidaje ana niƙawa, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara suke rarrafe, kuma sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura da yawan mace-macen kafin a gano musabbabin. Aikin da ya biyo baya, na auna ƙasar gida-gida da kankare gurɓatacciyar a binne ta a kawo mai tsabta, aikin masana muhalli ne da injiniyoyi tare, kuma na garin Bagega sai a 2013 aka yi shi. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a Jihar Neja. A Kano, dagwalon masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai ya daɗe yana gangarawa cikin magudanai da koguna, kuma akwai masu noman rani da suke ban ruwa da shi. A ƙasan madatsun Tiga da Challawa, waɗanda aka kammala a 1974 da 1992, dausayin Haɗeja da Nguru ya canza kamanni, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa da makiyaya suna ta fama. A watan Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Waɗannan wurare suna buƙatar mutanen da za su zauna kusa da su shekara da shekaru suna aunawa, kuma mafi yawan waɗanda za su yarda su zauna 'ya'yan yankin ne, wato ɗaliban da suke yawo da wasiƙa a hannu yanzu.

Kada kuma a ɗauka ɗalibin nauyi ne kawai a kan kamfani. Wani babban sashe na aikin tantancewa shi ne tuntuɓar jama'a, kuma a nan ɗaliban namu suna da abin da ƙwararren da ya sauko daga jirgi da safe ba shi da shi. Taron da ake yi a ƙofar gidan dagaci, inda aka shimfiɗa tabarmi aka jera kujerun roba, yawanci manya ne suke magana, kuma da wuya su musa wa baƙo a gaban jama'a. Maganar gaskiya takan fito ne bayan an tashi, lokacin da wani dattijo zai ja yaron da ke jin harshensa gefe ya ce masa layin da aka ja ya bi ta tsohuwar maƙabarta, ko kuma ya datse burtalin da shanu suke bi zuwa mashaya, abin da kan iya zama sanadin rikici bayan ɗan kwangila ya kwashe kayansa. Ɗalibar da za ta iya yin sallama ta shiga cikin gida ita ce za ta ji daga bakin mata wace rijiya ce ruwanta yake da ɗanɗanon gishiri, kuma wace ɗorawa ko kaɗanya ce suke dogara da ita wadda ba a saka a lissafin diyya ba. Mutanen gari ne kuma suka san cewa ramin da aka haƙi jar ƙasa domin cikon hanya, idan aka tafi aka bar shi, da damina yana zama kududdufin da yake cin yara. Doka ta ce a baje rahoto na kwanakin aiki 21 domin jama'a su duba, amma kundi mai ɗaruruwan shafuka da Turanci a sakatariyar ƙaramar hukuma ba ya isa ga manomi. Ɗalibi mai jin Hausa ko Fulfulde ko Kanuri ko Nufanci zai iya taƙaita shi a shafi biyu ƙarƙashin kulawar ƙwararre, a karanta wa mutane a masallaci da coci da kasuwa.

Na san uzurorin da ake bayarwa, kuma wasunsu gaskiya ne. Aiki ba kullum yake zuwa ba, bayanan masu ba da kwangila sirri ne, hanyoyi da dama ba su da tsaro, kuma wasu ɗaliban suna zuwa ba su iya ko rubuta rahoton shafi ɗaya ba. Maganar sirri takarda ɗaya ce ɗalibi zai sa wa hannu, kamar yadda sabon ma'aikaci yake yi. Maganar tsaro kuwa ba ni da ja a kanta: inda kamfani ba zai tura ɗan mai kamfanin ba, kada ya tura ɗan wani, kuma inda za a je, a sanar da jami'a da iyaye, a saka ɗalibi cikin inshorar da ta rufe sauran ma'aikata, a ba shi takalmin kariya da hular kwano da safar hannu irin na kowa. Ɗalibai mata suna buƙatar masauki na daban da kuma wata babbar ma'aikaciya da za su kai wa ƙara idan wani ya nemi ya ci zarafinsu, domin rashin waɗannan biyun ne yake sa iyaye da yawa su hana 'ya'yansu fita, ba ƙin karatun ba. Alawus ɗin da gwamnati take bayarwa ta hannun ITF bai isa kuɗin mota ba, kuma sau da yawa sai an gama horon da daɗewa yake fitowa. Kamfanin da ya saka kuɗin ma'aikatan fili a cikin lissafin kwangilarsa zai iya ware wa ɗalibi kuɗin mota da na abinci a kowane wata, in ba haka ba horon zai zama na 'ya'yan masu hali kaɗai.

Raunin ɗalibai laifinmu ne mu malamai da jami'o'inmu, inda na'urar auna ƙarafa ɗaya takan yi wa tsangaya guda hidima, in ta lalace kuma ta shekara a rufe. Gyaran wannan yana buƙatar ku gaya mana a rubuce abin da kuke son ɗalibi ya iya kafin ya zo, ko amfani da na'urar GPS ne, ko zana taswira a kwamfuta, ko lissafin sakamakon gwaji, domin mu shirya masa makonni biyu na share fage kafin ya bar makaranta. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, wadda take yi wa kamfanonin tantancewa rajista, ita ma tana da rawar takawa, domin da za ta riƙa tambayar kowane kamfani ɗalibai nawa ya horar a shekara lokacin sabunta rajista, da lamarin ya canza cikin ɗan lokaci.

Abin da nake nema daga ƙungiyarku a aikace shi ne ta saka wannan batu a ajandar babban taronta na gaba, ta nemi kowane kamfani mamba da yake da sashen muhalli ya bayyana yawan guraben da zai iya bayarwa da garuruwan da suke da watannin da za a fara, a haɗa su a jeri ɗaya a aika wa sassan SIWES na jami'o'i da ofisoshin ITF na jihohi kafin a saki ɗalibai, domin a zaɓe su bisa cancanta. Kowane ɗalibi a haɗa shi da ma'aikaci ɗaya sananne wanda zai karanta littafinsa kafin ya sa hannu, a tabbatar ya fita fili a yanayi biyu, ya bi samfurinsa har ɗakin gwaji, ya halarci zaman tuntuɓar jama'a, sannan ya rubuta wani ɗan sashe na rahoto na gaskiya wanda za a gyara masa da jan alƙalami a dawo masa da shi. Idan ƙungiyar tana son a fara da gwaji, kamfanonin da suke da ofisoshi a Kano da Kaduna da Abuja sun isa a soma da su a zangon horo mai zuwa, kuma ni da abokan aikina a shirye muke mu zo duk inda kuka kira mu domin a tsara jadawalin tare.

Na gode, Allah ya yi jagora.

Naku,
Malamin jami'a mai duba ɗaliban SIWES,
Kano.